Tsohuwar Monita da Sabuwa a Tebur Ɗaya

Akwai wata shawara da ta yi shekaru tana yawo a bakin masu haɗa kwamfuta da 'yan gem: in za ka jera monita biyu a tebur ɗaya, to nemo iri ɗaya sak, kamfani ɗaya, faɗi ɗaya, gudu ɗaya. Wanda ya haɗa mai 60 da mai 144, in ji su, ya saya wa kansa ciwon kai da kuɗinsa. Masu wannan magana ba shaci-faɗi suke yi ba, akwai lokacin da gaskiyarsu ce tsantsa. Sai dai lokacin nan ya wuce, ita kuwa shawarar tana nan ana ta gadonta baki da baki, har yau tana sa wasu su jingine lafiyayyar monita a lungu ƙura ta lulluɓe ta.

Ga wanda bai saba da lambobin nan ba: hoton da ke kan monita, ko da ka gan shi tsaye cak, sake zana shi ake yi ba ƙaƙƙautawa. Yawan zanawar a cikin sakan ɗaya shi ake aunawa da hatz, wanda ake rubutawa Hz a jikin kwali. Mai 60 tana sabunta hoto sau sittin a sakan, wato kowane hoto yana zama milisakan 16.7 kafin na bayansa ya ture shi. A mai 144 zaman ya ragu zuwa 6.9, a mai 240 kuwa 4.2.

Abin da samarin yanzu ba su sani ba shi ne, a da ma'aikaci ne ya fi shan wahalar wannan lamba, tun kafin ta zama abin alfaharin masu wasa. Zamanin monita mai ƙeya nake nufi, wadda sai ƙato ya rungume ta da hannu biyu kafin ta ɗagu. Ita wannan ba ta riƙe hoto. Wani siririn haske ne ke bin gilashin layi-layi daga sama zuwa ƙasa, kafin ya kai ƙasa saman ya soma dusashewa. In an bar ta a 60, sai farin shafin Word ya riƙa ƙyafce-ƙyafce, musamman in ka kalle shi da gefen ido. Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu na bakin jami'a ko sakatariya a farkon shekarun 2000 ya ga masu buga furojet ɗin ɗalibai, tun hantsi har magariba, ido ja wur yana zubar ruwa, an rataya wa monitar wani baƙin gilashi wai don ya tare haske. Gilashin yana rage ƙyalli, amma ƙyaftawar tana nan. Maganin kuwa yana cikin saiti: a ɗaga ta zuwa 75 ko 85, nan take farin ya tsaya, ido ya huta. Kaɗan ne suka san haka, wanda ya sani kuwa kallon injiniya ake yi masa a layin.

Su ma 'yan gidan gem sun sha fama da hatz ba tare da sun san sunansa ba. Wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a sakan, irin ta Turai, ta Amurka kuma sau 60, a kan haka aka gina talabijin ɗin kowane ɓangare: PAL mai 50 a Nijeriya da Ghana da Ingila, NTSC mai 60 a Amurka da Japan. Shi ya sa za a sa faifan PlayStation ɗan Amurka a tsohuwar talabijin, sai ƙwallo ta fito baƙi da fari, ko hoton ya riƙa gangarawa, yara su yi ta dukan gefen akwatin. Wasanni da yawa kuma da aka mayar da su PAL ba tare da gyara ba, gudunsu ya ragu da kusan kashi 17 cikin 100. A haka muka yi ta buga su muna shewa, don ba mu taɓa ganin na asalin ba balle mu gane an rage mana.

Da shafaffiyar monita ta LCD ta mamaye kasuwa a tsakiyar shekarun 2000, sai zancen ya kwanta. Ita riƙe hoto take har sai an kawo wani, saboda haka 60 ba ya ƙyaftawa a kanta. Kamfanoni suka tsaya a 60, masu saye suka daina tambaya. A wannan zamani ne kuma jera monita biyu ya zama abin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya. Damar ta daɗe da samuwa, domin Macintosh II na Apple yana ɗaukar monita fiye da ɗaya tun 1987, Windows 98 ya kawo wa sauran jama'a, kamfanin Matrox kuma ya fitar da katin G400 mai kafa biyu a 1999. Amma wa ke da teburin da zai ɗauki masu ƙeya biyu, da wutar da za ta riƙe su? Sai da gwanjon Dell da HP na ofisoshin ƙasashen waje suka cika Beirut Road a Kano da Computer Village a Ikeja, sannan mai zanen fasta da mai haɗa bidiyon biki da akawu suka soma jera biyu. Duka masu 60 ne, don haka ba a taɓa jin kansu ba.

A 2009 Samsung ya fitar da wata monita mai lamba 2233RZ, mai gudun 120. Don tabaran 3D na Nvidia aka yi ta, wanda ke buƙatar hoto sittin ga kowane ido. Yayin 3D bai daɗe ba ya wuce, amma 'yan Counter-Strike sun riga sun gano cewa in ka cire tabaran, abin da ya rage ya fi shi daraja: ka juya cikin wasa hoton bai damalmale ba, kana ganin abokin gaba tun yana leƙowa. A 2013 Asus ya kawo VG248QE mai inci 24 da gudun 144 a farashin da ɗalibi zai iya tarawa. To, wanda ya sayi sabuwar monita ba ya zubar da tsohuwa, ko a Turai balle a nan. Matsar da ita yake gefe, ya ɗora mata YouTube ko Discord ko takardun aiki, sabuwar ta zauna a tsakiya. Babu wanda ya zauna ya tsara wannan haɗi, hali ne kawai ya kawo shi, kuma ya riski Windows bai shirya ba.

Tun daga Windows Vista, a 2007, akwai wani ɓangare da ake kira Desktop Window Manager, wanda aikinsa shi ne tattara hotunan duk tagogin da ke buɗe, ya jera su, sannan a miƙa wa monita. An gina shi a lokacin da kowa 60 ne, saboda haka agogo ɗaya yake bi ga duk monitocin da aka jona. Manomi ya san abin da ke faruwa in aka ɗaura karkiya ɗaya a wuyan bijimi mai jini a jika da tsohon sa: na bayan ne ke yanke saurin huɗa. Muddin tsohuwar monitar shiru take, sai komai ya tafi sumul. Da zarar wani abu ya motsa a kanta, ko bidiyo ne, ko tallar da ke rawa a gefen shafi, sai sabuwar ta fara cijewa. Ma'aunin da ke kusurwar wasan yana nuna 144, idonka kuma yana rantsuwa ba haka ba ne, kuma idon ne mai gaskiya.

Abin takaicin shi ne, wasan da ya ƙwace allon gaba ɗaya yana tsallake wannan mai tattarawar, don haka ya fi tsira. Amma mai monita biyu ba ya son haka, domin duk lokacin da ya leƙa ta gefe don amsa saƙo sai wasan ya ɓace, allo ya yi baƙi na ɗan lokaci. Shi ya fi son wasan ya zauna a taga marar baki, ya riƙa zirga-zirga tsakanin biyun, kuma a nan ɗin ne cutar ta fi kamawa. A Windows 7 kana iya kashe Aero, wanda ke kashe mai tattarawar, ka huta. Da Windows 8 ya zo a 2012, aka toshe wannan ƙofa.

Sai dabaru suka yawaita. Wasu su kashe taimakon katin hoto a cikin Chrome, firosesa ta ɗauki nauyin bidiyo ita kaɗai. Wasu su cire kebul ɗin tsohuwar daga katin su jona shi a kafar da ke jikin uwar allon kwamfuta, kowa da mai kula da shi. Wasu su sauke 144 zuwa 120 don ya zama ninki biyu na 60. Masu kuɗi kuwa su sayo ta biyu irin ta farko, su rufe babin. Daga nan aka samo waccan doka.

A ƙarshen watan Mayu na 2020, lokacin da korona ta kulle duniya a gida, teburin wasa ya koma teburin aiki, Microsoft ya saki sabuntawar Windows 10 mai lamba 2004. A cikin gyare-gyarenta har da yadda ake tafiyar da monitoci masu gudu daban-daban, aka daina janyo mai sauri ta koma bin mai nawa. Gyaran bai share komai ba, har yanzu akan yi karo da wasa ko burauza mai taurin kai, amma abin da a da yake kullum ya koma jefi-jefi. Windows 11 a kan wannan ya ɗora. A ɓangaren Linux ma haka labarin yake: tsohon tsarin X11 yana ɗaukar monitocin duka a matsayin babban allo guda, shi kuwa Wayland da ke maye gurbinsa yana ba kowace agogonta. A nan ne ya kamata mu kula, domin kwamfutoci da yawa a shagunanmu da gidajenmu suna kan Windows ɗin da aka zuba musu daga filash shekaru da suka wuce, an kashe sabuntawa don kada ta cinye data. Mai irin wannan na'ura yana zaune ne a 2018 ko da kalandarsa ta ce wani abu daban. Ya rubuta winver a wurin bincike, lambar da ta fito za ta gaya masa inda yake.

Wani abin da ya rage kuwa na lissafi ne, babu sabuntawar da za ta canza shi. Fim ana ɗaukarsa ne hoto 24 a sakan. Raba 144 da 24, shida cif. Raba 120, biyar cif. Raba 60, biyu da rabi, shi ya sa a kan mai 60 ake riƙe wani hoto sau uku, na bayansa sau biyu, har in kyamara tana zagayawa a hankali ka ga ɗan tsalle-tsalle. Bidiyon YouTube kuma yawanci 30 ne ko 60, wanda ya yi daidai da mai 60 da mai 120, amma bidiyon 60 a kan 144 sai ya zama biyu da ɗigo huɗu, bai rabu daidai ba. Ashe ke nan tsohuwar monitar ta fi sabuwar dacewa da bidiyon. Ƙwallon Turai da ake watsawa a kan 50 kuwa babu wadda ta yi masa daidai a cikin ukun. Ni dai in aka tambaye ni, 120 nake cewa a tsaya ga mai haɗa aiki da wasa: ta daidaita da 24 da 30 da 60, kuma tazarar da ke tsakaninta da 144 milisakan ɗaya ne da ɗigo huɗu.

Inda na fi son a tsaya a yi nazari shi ne wuta, domin can matsalar ta koma, kuma mu ta fi shafa. Katin hoto yana da memori nasa, wanda ke gudu da ƙarfi lokacin wasa, ya sassauta in ana karatu ko rubutu. Sauya gudun nan ba a yin sa a tsakiyar zana hoto, in ba haka ba allo zai ƙifta. Tsakanin kowane hoto da na bayansa akwai ɗan gajeren hutu, a cikinsa katin ke yin sauyin. In monita ɗaya ce, ba wahala. In biyu ne masu gudu daban, hutun wannan ba ya haɗuwa da na waccan, sai katin ya rasa lokacin da zai sauya, ya zaɓi ya zauna a kan gudu mafi ƙarfi dare da rana. Kana rubuta wasiƙa, memori yana gudu kamar ana fafatawa. Da AMD ya fitar da RX 7900 XTX a Disambar 2022, masu gwaji sun auna kusan wat 100 da katin ke sha a zaune, ba ya komai, don kawai an jona monita biyu. Kamfanin ya amsa laifin, ya rage abin a sabuntawar tsakiyar 2023. Katunan Nvidia ma sun sha nuna irin wannan hali a wasu haɗe-haɗen.

Bature mai wuta awa ashirin da huɗu zai ga wannan a takardar kuɗin wata ya ɗaga kafaɗa. Mu kuwa a allon inbata muke gani. A ce ƙarin wat 40 ne kacal, kana zaune awa goma, ka ƙona wat-awa 400 ke nan a banza. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da 2,400 a takarda, in kuma na ruwa ne rabinsa ake so ka ci don ya yi ƙarko. Kashi ɗaya cikin uku na abin da kake da shi ya tafi a kan kati mai zaman banza, ga zafin da yake ƙara wa ɗaki a watan Afrilu. Tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023, aka kuma kai yunit ɗin 'yan Band A naira 225 a Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta, wannan ya daina zama ƙaramin zance. Gwajin ba shi da wuya. Ka buɗe manhajar GPU-Z, ka dubi gudun memori kwamfuta tana zaune, ko ka tsaya gaban inbata wani ya kashe maka monita ɗaya ka ga yadda lambar za ta faɗi. In ta faɗi fiye da abin da monitar kanta ke sha, katin ne. Sau da yawa sauke 144 zuwa 120, ko kunna FreeSync da za mu zo kansa a gaba, ko sabunta manhajar katin yana kwantar da shi.

Sai kuma kebul, wanda ya kunyata mutane da yawa. Na sha ganin saurayi ya ja ni gaban sabuwar monitarsa yana kaɗa maus yana cewa, "Yaya, ka ga santsi?" Mu shiga saiti, ɓangaren Advanced display, mu tarar tana kan 60 tun ranar da aka kwance ta daga kwali. Windows yakan bar sabuwar monita a 60 sai mai ita ya ɗaga da hannunsa. Wani kuma ya je ɗagawar ya tarar babu zaɓin, don ya jona da VGA, ko da wata 'yar mahaɗa ta kasuwa. Ita kanta VG248QE ɗin nan kafarta ta HDMI 60 kawai take bayarwa, sai an bi ta DisplayPort ko DVI mai layi biyu. HDMI 1.4 yana ɗaukar gigabit 10.2 a sakan, 2.0 yana ɗaukar 18, 2.1 kuwa 48, ramin duka iri ɗaya ne a ido, shi ya sa mai laftof ɗin gwanjo yake ganin an cuce shi alhali kafar na'urarsa ce ba ta kai ba. Haka nan wanda ya zaɓi monitocin su nuna abu ɗaya, maimakon ɗaya ta zama ci gaban ɗaya, yakan mayar da su duka kan gudun mai nawa da hannunsa.

Ga monitar aiki, gudu shi ne abu na ƙarshe da zan duba. Excel ba ya tsere, shafin PDF ma haka. Abin da ke gajiyar da ido a tebur mai monita biyu shi ne farin wannan ya yi shuɗi-shuɗi na waccan ya yi ɗorawa, ko ka ja taga daga ɗaya zuwa ɗaya rubutu ya kumbura ko ya ƙanƙance, ko ɗaya ta fi ɗaya tsawo wuya ya yi ta aiki. Tsohuwar Dell ta ofis mai allon IPS, wadda ƙafarta ke juyawa ta tsaya a tsaye, ta fi monitocin wasa masu araha da yawa daɗin karatu. Gaskiya ne ido yana lalacewa da jin daɗi: in kibiyar maus ta tsallaka daga mai 144 zuwa mai 60, za ka ga kamar ta yi nauyi, ta rarrabu. Yaran yanzu ma sun fi mu saurin lura, domin wayar da ke hannunsu ta riga ta saba musu. Razer ya sa 120 a wayarsa a 2017, Apple ya bi a iPhone 13 Pro a 2021, yau Tecno da Infinix na tsaka-tsaki suna zuwa da 90 ko 120. Amma wannan nauyin kibiya ɗan abu ne da ake sabawa da shi, bai kai a canza monita dominsa ba.

Tseren lambobi kuwa bai tsaya ba: 240 a wajajen 2017, 360 a 2020, 500 da 540 a 2023. Daga 60 zuwa 144 ka rage kusan milisakan goma, kowa zai gani. Daga 144 zuwa 240 ba ka rage uku ba. Daga 240 zuwa 360, ɗaya da 'yan kai. Wannan na masu cin abinci da gasa ne. Wanda ke buga Valorant daga Kano ko Kaduna da sabar da ke Turai, saƙonsa yana cin sama da milisakan ɗari kafin ya je ya dawo, ba a monita cikas ɗinsa yake ba. Mai Tekken 8 ko Street Fighter 6 kuwa, wasan kansa a kan 60 aka ɗaure shi. Kuma monita ba ta ƙirƙirar hoto, in katinka 70 yake iya fitarwa, 70 za ka gani. Abin da ya fi amfanar irin wannan mutum shi ne G-Sync da Nvidia ya sanar a 2013, ko FreeSync na AMD da ya fito a 2015, inda monitar ke jiran katin maimakon ta bi agogonta, hoto ya daina yagewa. Tun Janairun 2019 katunan Nvidia ma suna aiki da monitocin FreeSync da dama, don haka ba sai ka biya kuɗin tambari ba.

Don haka mai karatu, in kana da lafiyayyar mai 60 a gida kuma kana sha'awar gudu, sayi guda ɗaya mai kyau ka ajiye a tsakiya, tsohuwar ta ci gaba da riƙe maka takardu da bidiyo a gefe. Kafin ka biya, sa mai shago ya jona ta a gabanka da kebul ɗin da zai ba ka, ka ga lambar da idonka a cikin saiti. Kuɗin da za ka zuba wajen sayen ta biyu don kawai su yi daidai, ka kai shi wajen batir.